Injin da ke Zauren Baba

Litinin, 3 ga Nuwamba, 1958, bayan la'asar

An raba gado yau. Na sami rabin abin da namiji ya samu, kamar yadda shari'a ta ce, kuma ba ni da ja a kan wannan. An ba ni gadon ƙarfe, da tumaki, da wani yanki na gonar da ke hanyar Gadau. Injina kuwa ya faɗa cikin rabon yayana Hammawa, wanda muke kira Hamma.

Injina. Bari in rubuta shi haka ko da a nan ne, tunda a zaure ba a faɗa ba.

Jami'ar da nake karatun kasuwanci a Ingila ta sallame mu na shekara guda, kowa ya koma garinsu ya kafa sana'a da hannunsa, ya dawo ya ba da bayanin yadda ta tsaya ko yadda ta faɗi. Ni na dawo Azare na zaɓi man gyada. Da abin da na tsuke daga guzurin karatu na sayi injin matsa mai, irin na juyawa da hannu. Kamfanin da ke Kano ya ce ba ya hulɗa da mace, sai aka sa sunan Baba. Baba ya yi ta dariya. Malama yake kirana, don tsokana. Ya faɗa a gaban Hamma, ya faɗa a gaban amininsa Malam Jaji, ba sau ɗaya ba, cewa injin na Malama ne, shi ɗan dako ne kawai.

Yau malamin da alƙali ya aiko ya tambaya ko akwai wani abu a gidan nan da ba na mai gidan ba ne. Ina bayan asabari ina ji. Hamma ya ce babu. Malam Jaji ya ci gaba da jan carbinsa. Ban taɓa sanin carbi yana da ƙara haka ba.

Na yunƙura, Goggo Kande, ƙanwar Baba, ta riƙe mini wuyan hannu. Har yanzu shatin yatsunta na nan.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Na zuba kunu a ƙwarya biyu. Na mayar da ɗaya.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Na kwashe kayana na koma gidan Goggo Kande. Hamma bai hana ni ba. Ya raka ni har bakin zaure, yana magana da murya mai laushi irin ta mutumin da ya riga ya ci. Ya ce ai sana'a ta gida ce, duk wanda ya riƙe ta daidai ne, kuma in na sami sarari in riƙa leƙowa ina ba su shawara. Su wa? Shi da injina.

Ɗakin Baba a rufe yake. Ban duba wajen ba.

Na biya ta gidan Malam Jaji. Ya karɓe ni da addu'a mai tsawo. Da na tuna masa abin da ya ji da kunnensa, sai ya shafa gemu ya ce tsufa ya zo masa da mantuwa. Daga nan ya ba ni labarin wani jaki da shi da Baba suka saya a Katagum tun ban zo duniya ba, har da kalar jakin da ƙafar da yake ɗingishi da ita. Mantuwar Malam Jaji tana da tarbiyya, ta san inda za ta shiga.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan azahar

Daga tsakar gidan Goggo ana jin ƙarar injin. Ba a sa masa mai a haƙora ba, ina ji daga kukansa.

Malaminmu a jami'a ya taɓa tambayarmu mene ne jarin sabuwar sana'a. Wasu suka ce kuɗi, wasu suka ce inji. Ya ce kowa ya nemo abin da in aka cire shi sana'arsa za ta kwanta kafin wata ya mutu, wannan shi ne jarinsa, ya tsare shi. Na daɗe ina tsammanin magana ce irin ta lacca, sai da na dawo gida.

Inji matsa kawai yake yi. Ba ya ɓare gyada, ba ya soya ta, ba ya murje ɓawonta, ba ya daka ta. Duk wannan matan unguwa ke yi a cikin gidajensu, tsofaffin mata su ɗauko dakakkiyar gyada su kawo. Kuma tun kakanni ladan wannan aiki ba kuɗi ba ne. Mai gyada ya ɗauki mansa, mai aiki ta ɗauki tunkuzar da ta rage. Tunkuza tana komawa cikin gida a ƙwarya, a kan tsohuwa, ta wuce mai gida yana zaune a zaurensa ko kallonta ba ya yi. A ciki ta zama ƙuli-ƙuli, ƙuli-ƙuli ya zama zane, ya zama kwano, ya zama akuya. Ba namijin da hannunsa ke taɓa ta a hanya.

Na san wannan ne don ina shiga gidajen in zauna a bakin murhu. Hamma iyakarsa zaure.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da la'asar

Ya zo. Ya gaida Goggo, ya zauna a kan turmi, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar gyada da halin 'yan dako. Ya sa hular Baba, mai zaren shuɗin nan. Ta yi masa yawa.

Can ya iso inda zai je.

"Zinatu, wai su Turawa me suke yi da tunkuza in sun matse mai?"

"Sayarwa suke yi, Hamma. Abincin shanu ne a can. Kamfanonin Kano ma suna saye buhu-buhu."

"Mu kuma nan muna rabar da ita kyauta."

"Haka muka tarar."

"To masu aikin fa, da me suke biyansu?"

"Da kuɗi. Hannu da hannu, ranar biya."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar shi ya gano. Ya ce ka ji amfanin karatu, amma ana iya yin karatun a kasa aiki da shi. Na ce gaskiya ne.

Goggo tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba. Bayan ya fita ta ce, ke kin san abin da kika yi? Na ce tambayata aka yi na ba da amsa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da safe

Ban yi ƙarya ba.

Wannan rana, da almuru

Ko kalma ɗaya ban yi ƙarya ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

Iya Gumsu ta zo da labari. Ita ce babbar masu soya gyada a unguwarmu, Babarbariya ce, tun iyayenta suka zo daga Borno suka zauna, kuma ba ta iya ba da labari a zaune. Ta ce Hamma ya yi shelar sabon tsari: ba sauran tunkuza, kuɗi zai biya, kuma da daraja. Yau ranar biya ta farko. To wa zai je zauren namiji ya karɓi kuɗi? Ba matar aure ba. Ya kuma ce shi ba zai danƙa kuɗi a hannun tsofaffi ba, sai mai gida ya zo da kansa, don a yi komai a fili. Mazaje suka taru kamar ranar suna. Kowa ya karɓi ladan matarsa, ya yi wa Hamma addu'a, ya ce a gaskiya ɗa ya gaji ubansa.

Mijin Iya Gumsu ya dawo gida da sabuwar hula da ƙullin taba. Ya ba ta goro ɗaya, ya ce ga tukuici.

Ta tsaya a tsakar gida ta nuna mana yadda ta karɓi goron da hannu biyu, har da durƙusawa. Goggo ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Ina ajiye tawa.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da hantsi

Wata irin annoba ta shigo unguwa. Matar mai ɗinki bayanta ya riƙe. Matan gidan Umara kaskonsu ya fashe, duk a rana ɗaya. Wata hayaƙi ya fara sa mata ciwon ido. Iya Gumsu ta aika a gaya wa Hamma ta tsufa, a yi mata afuwa.

Tun asuba tsohuwar tana nan gidan Goggo, tana juya taɓarya a turmi kamar budurwa.

Na sayar da tumakina na gado na sayi gyada. Mun koma yadda ake yi tun da: a daka, a zuba ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, a yi ta juyawa har mai ya taso. Yana cin lokaci, yana cin kafaɗa, kuma man da ke fita bai kai na inji ba. Amma da yamma ƙwarya-ƙwarya na tunkuza suna fita ta ƙofar baya, marasa lafiyar unguwa kuwa kullum ƙaruwa suke.

Yau ban ji kukan injin ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da azahar

Shiru. Na tsaya a jikin katanga ina sauraronsa, ya fi mini kiɗa daɗi.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ranar kasuwa. Hamma ya yi wa wani falke daga Nguru alkawarin garwa-garwa na mai kafin ƙarshen kaka, ya faɗa a bainar jama'a, a rumfar Sarkin Kasuwa. Da mata suka janye sai ya ɗauko 'yan dako ya sa su suyar gyada. Maza a bakin kasko. Tun shekaranjiya unguwa ke warin ƙauri, har Goggo ta ce ko gobara aka yi a wani gida.

Yau ya kai man kasuwa. Baƙi ne kamar ruwan rini. An ce wata mai ƙosai daga Yana ta ɗanɗana, ta tambaye shi ko na shafa wa raƙumi ne. Wani kuma ya ce a kai asibiti, wataƙila yana maganin ƙazuwa. Man gidan Goggo ya ƙare kafin azahar.

A jami'a akwai darasi guda a kan abin da ya kamata mai sana'a ya ji in abokin takararsa ya faɗi. An ce kada ya yi murna, ya yi nazari. Na yi nazari. Ya yi mini daɗi ƙwarai.

Talata, 2 ga Disamba, da safe

Hamma ya gane. Ya aika gida-gida cewa tunkuza ta dawo, kowa ta koma bakin aikinta. Iya Gumsu ta ce a gaya masa bayansu bai saki ba tukuna. Ta juyo ta tambaye ni yaushe zai saki. Na ce zan sanar da ita.

Laraba, 3 ga Disamba, bayan azahar

Jumai ta shigo ta ƙofar baya. Matar Hamma ce, cikinta ya tsufa. Tunda 'yan dako suka ƙona masa buhuna, ita kaɗai ya bar wa suyar. Ta zo neman ɗan mai na miya, don ta ce wanda ke gidansu ko shi ba ya iya ci. Da ta miƙo kwalba na ga hannunta. Kasko ya ɗauke mata fata daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ta shafa toka a kai.

Na cika mata kwalbar. Na wanke ciwon, na ɗaure da tsumma mai tsabta.

Tana fita ta ce, "Adda Zinatu, ni ban ce komai ba ranar."

Na ce na sani, ba ke aka tambaya ba.

Wato daren yau Hamma zai ci tuwo da man da aka matsa a turmin Goggo. Na so wannan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya yi.

Alhamis, 4 ga Disamba, da hantsi

Goggo ta ce ya isa haka. Ta ce cikinmu ɗaya da Hamma, kuma wanda muke rigima a kan zaurensa ba zai so wannan ba. Na ce kada ta sa shi a ciki. Ta ce ai tun farko shi ne a ciki, ke ce ba ki son ambatonsa.

Na tashi na je na karɓi taɓarya daga hannun Iya Gumsu. Na juya har tafin hannuna ya yi bororo.

Bai isa ba.

Asabar, 6 ga Disamba, da la'asar

Malam Jaji da kansa, da carbinsa. Ya zauna a tabarmar Goggo ya yi wa'azi a kan zumunci. Ya iya wa'azi, ba a raba shi da wannan. Sai ya fito da saƙon: Hamma ya yi tunani, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ga ƙanwarsa na wahala da turmi, ya yanke shawarar ba ni injin kyauta. Gobe ma a kawo shi a amalanke, in kuma gaya wa mata su taimaka masa ya fita kunyar mutumin Nguru.

Kyauta.

Na ce, "Malam, a yi masa godiya. Ba na karɓar kyautar abin da yake nawa."

Ya ce to me nake so, tunda injin zai zo hannuna ko ta yaya.

"A koma zauren. A kira waɗanda suka zauna ranar, har da malamin alƙali. A sake yin tambayar, a ba da amsa."

Ya ce wannan tozarci ne, ɗan'uwa ba ya yi wa ɗan'uwa haka. Ya ce shi kansa da furfurarsa, me mutane za su ce da shi? Na ce za su ce Allah ya ba shi lafiya, mantuwa ta sake shi.

Goggo ta rufe fuska da mayafi. Ban san ko kunya ce ko dariya ba.

Talata, 9 ga Disamba, da azahar

Motar mutumin Nguru ta zo ta koma ba garwa ko ɗaya. An ce ya tsaya a tasha yana faɗa da ƙarfi cewa a zamanin tsohon, maganar gidan nan ba ta tashi. Buhunan da ke jibge a zaure ƙwari sun fara shiga.

Ni kuwa rahoton da zan kai jami'a bai wuce shafin farko ba. An ce mu bayyana babban haɗarin da ke fuskantar sana'armu. Littattafanmu sun kawo fari, da faɗuwar farashi, da gobara. Ba wanda ya kawo ɗan'uwa.

Hannun Jumai ya fara bushewa. Na aika Iya Gumsu ta duba.

Alhamis, 11 ga Disamba, da almuru

An aiko. Gobe bayan masallaci.

Juma'a, 12 ga Disamba, bayan la'asar

Asabarin nan dai, wurin nan dai. Goggo ta zauna kusa da ni, amma yau ba ta riƙe mini hannu ba. Ta cikin ramukan asabari ina hango injin a kusurwa, ƙura ta rufe shi, wani ya rataya buta a hannunsa.

Malamin alƙali bai ji daɗin dawowa ba, ya nuna. Ya ce an ce akwai gyara a rabon da aka yi, ya maimaita tambayarsa kamar mai karanta abin da ya gundure shi. Malam Jaji ya yi gyaran murya ya ce Allah cikin ikonsa ya dawo masa da wata magana. Ya faɗe ta a dunƙule, yana kallon tabarma. Malamin ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba, ya juya wajen Hamma.

Na shirya wa wannan lokaci tun ranar rabo. Na san yadda zan zauna, na san fuskar da zan yi, har na tanadi dariyar nan da na ajiye. Hamma ya cire hular ya riƙe ta a hannu. Malamin ya ce ya faɗi abin da ya ji, yadda ya ji shi.

Ya ce, "Cewa ya yi, na Malama ne. Ni ɗan dako ne kawai."

Ban taɓa lura muryarsu ɗaya ba ce. Har yadda yake jan ƙarshen magana.

Aka shafa fatiha, aka watse. Na yi nasara. An ce in fito in ga kayana, na ce a kai gidan Goggo, na gani a can.

Asabar, 13 ga Disamba, da safe

Na gaya wa Iya Gumsu bayansu ya saki. Za su soya gyadar Hamma da ta tsira daga ƙwari, in matsa masa a injina kamar kowane mai gyada, ya ɗauki mansa, tunkuza ta bi ƙofar baya. Jumai ba za ta ƙara zuwa bakin kasko ba sai ta haihu, wannan yana cikin sharaɗi. Ban yafe masa ba, kada wani ya ce na yafe. Malam Jaji kuwa zan riƙa gaishe shi da ladabi har ƙarshen ransa, shi ya san me gaisuwar ke nufi.

Na wanke injin da kaina, na sa masa mai a haƙora, aka zuba dakakkiyar gyada aka juya. Man farko ya zubo garau, da ɗuminsa. Kullum na farkon nan a ɗan ƙoƙo nake tara shi in miƙa, a tsoma yatsa a ɗanɗana, a yi shiru kamar alƙali zai yanke hukunci, sannan a ce, ya yi, Malama.

Na tara. Na juya da ƙoƙon a hannuna. Goggo ce kawai a tsaye, da Iya Gumsu, suna kallona.

Wannan rana, da azahar

Baba ya rasu.